Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Neman Kayan Birkin Tsohuwar Mota

Jawabi zuwa ga masu motoci, direbobi da yaran mota na Kalfu da garuruwan kewaye. Wanda ya iya karatu shi karanta wa wanda bai iya ba.

 

Maganar yau maganar birki ce. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Tawa, motoci na tasowa daga ƙauyuka tun da asuba. Suna ɗauke da buhunan hatsi da wake da albasa. Akwai tumaki da awaki. Akwai mata da goyo. Bisa kaya kuma maza na zaune. Duk wanga nauyi, idan anka zo gangara, ƴan ƙarafa ƙanana ne ke tsai da shi. Kowane ɗayansu bai kai tafin hannu ba. Idan sun yi aikinsu, kowa shi ci kasuwa shi koma gida. Idan sun ƙi, sai abin da Allah ya yi.

Waɗanga ƙarafa suna cinyewa kamar yadda takalmin mutum ke cinyewa. Dole wata rana a sake su. Ga sabuwar mota, neman su ba wuya. Ga tsohuwar mota kuwa, aiki ne babba. Shi ya sa gargaɗin yau guda ne: a nemi kayan birki tun na jikin mota ba su ƙare ba.

MOTOCIN ADAR SUN TSUFA

Mafi yawan motocin da ke aiki a karkara ba sababbi anka sayo su ba. Wasu sun yi shekaru a Turai kafin a sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Lome. Wasu sun shigo daga Najeriya. Wasu sun sake hannu sau biyar ko shida.

Ga misali da Peugeot. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960. An fara 504 a 1968, kuma Faransa ta daina yin ƙaramar 504 a 1983. Amma a 1975 an buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna. Can anka ci gaba da haɗa 504 har kimanin shekara 30. Yanzu can ma an daina. Duk wanda ke da 504 a yau, shi san cewa masana'antar da ta yi ta ba ta yin irinta. Haka tsofaffin Toyota, irin su Hiace da Hilux da Land Cruiser. Sunan bai sake ba, amma an sake ƙirarsu sau da yawa. Kayan ta bana ba su shiga ta shekara 30 da sunka wuce.

Hanyoyin Adar kuma ba su tausayin birki. Ƙasa ce ta duwatsu da gangara da ƙoramu. Wanda ya bi hanyar Tamaske da Kaita ya san haka. Da rani yashi da jar ƙura na shiga cikin ƙafar mota suna goge ƙarfe. Da damina laka da ruwa. Ko bisa kwalta, irin hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit wadda anka gina wajen 1980 don ɗaukar uraniyom, akwai ramu da bisashe masu gilmawa. Kowane ɗaya sai an taka birki.

YADDA BIRKI KE AIKI

Wanda za shi sayi abu, shi fara sanin sunanshi da aikinshi.

Bayan taya akwai wani ƙarfe mai kama da faifai. Shina juyawa tare da ƙafar mota. Shi ne faifan birki. Makanikai na kiran shi disk.

Gefe da gefen faifan akwai takalmin birki guda biyu. Makanikai na kiran su pilaket. Kowane takalmi bayanshi ƙarfe ne, fuskarshi kuma wani nama ne mai tauri da anka manna. Suna zaune cikin wani gida mai kama da awartakin maƙeri.

Idan direba ya taka birki, man birki ne ke bin tiyo shi tura takalman. Sai su matse faifan daga gefe biyu. Ƙafar mota ta rage gudu. Wanga gogayya na kawo zafi ƙwarai. Kowane taki kuma shina cin naman takalmin kaɗan.

A ƙafafun baya, motoci da yawa ba faifai gare su ba. Wani kwanon ƙarfe ne da ake kira tambur. Takalmanshi masu lanƙwasa ne, suna ciki. Haka 504 mai ɗaukar kaya take: faifai gaba, kwano baya. Amma ƙafafun gaba su ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Shi ya sa takalman gaba sunka fi saurin ƙarewa.

Abu biyu ke ƙara wa birki wahala: nauyi da gudu. Idan anka ninka kaya, zafin da birki ke sha shina ninkuwa. Gudu ya fi haka muni. Motar da ke gudun kilomita 80 tana bukatar filin tsayawa ninki huɗu na wadda ke gudun kilomita 40.

YAUSHE ZA A FARA NEMA

Birki ba shi mutuwa ba sallama. Shina ba da alama. Ga su:

1. Ƙara kamar ana wasa wuƙa idan anka taka. Naman takalmi ya ƙare ke nan, ƙarfe na cin ƙarfe.
2. Mota na jan gefe guda idan anka taka.
3. Sitiyari ko abin takawa na rawa. Faifai ya karkace ko ya ci ba daidai ba.
4. Abin takawa na nutsewa ƙasa, sai an taka sau biyu ko uku kafin shi kama.
5. Man birki na raguwa cikin ɗan tulunshi.

Amma mai hankali ba shi jiran ƙara. Shina cire taya shi duba da ido. Sabon takalmi namanshi na kai milimita 10 zuwa 12, kamar kaurin ƙaramin yatsa. Idan ya rage milimita 3, watau ya ɗara tsinken ashana kaɗan, lokacin sakewa ya yi. To lokacin nema fa? Lokacin nema shi ne sa'ad da naman ya kai rabi. Daga nan akwai sauran makonni. Ana iya tambaya, a aika saƙo, a gwada kuɗi, a ƙi abin da bai yi ba.

Wanda ya bari har ƙarfe ya ci ƙarfe ya yi hasara biyu. Ya ɓata faifai, wanda ya fi takalmi tsada da wuyar samu. Kuma motarshi na tsaye, gobe kasuwa. Duk abin da anka miƙo mashi, dole shi karɓa.

ABIN DA ZA A RUBUTA KAFIN A TAFI

Nan ne karatu ke da rana. Ba a shiga kanti a ce: "A ba ni birkin Toyota." Toyota iri-iri ce. Mai mota shi samu littafi ƙarami shi rubuta waɗanga abubuwa:

Na ɗaya, sunan mota da irinta da shekarar da anka ƙera ta.

Na biyu, lambar shasi. Tana cikin takardar mota, wadda ake kira kart giriz. Tana kuma buge ga jikin motar. A motoci da yawa da anka ƙera daga wajen 1981, baƙaƙe da lambobi 17 ne a jere. A kwafe su ɗaya bayan ɗaya, kada a tsallake ko guda.

Na uku, sunan da ke jikin gidan takalmin. Sau da yawa ba masu ƙera mota ke yin birki ba. Wasu kamfanoni ne, kamar Girling ko Bendix ko ATE. Mota biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, suna iya zuwa da gidan birki dabam dabam. Takalmin wannan ba shi shiga waccan.

Na huɗu, siffar takalmin kanshi. A ɗora tsoho bisa kwali, a zagaye shi da fensir. A nuna kunnuwanshi da hudojinshi. A rubuta tsawo da faɗi.

Na biyar, idan faifai ake nema: faɗinshi, kaurinshi, da yawan hudojin ƙusa. A duba kuma ko gundumi ne, ko mai kafofin iska a tsakiya.

Me ya sa takarda kaɗai ba ta isa ba? Saboda tsohuwar mota ta sha gyara. Wataƙila wani mai ita na da ya sake mata ƙafafun gaba da na wata mota. Takarda na faɗin abin da motar ta fito da shi. Tsohon ƙarfen da anka cire shi ke faɗin abin da ke jikinta yau. Don haka babban shaida shi ne tsohon takalmi. Kada a yar da shi. A wanke shi, a ƙulle cikin tsumma, a ajiye. Ranar saye a ɗora shi bisa sabon, baya da baya. Idan kunne ɗaya ya saɓa, a bar shi.

Wanda ke da waya mai hoto shi ɗauki hoton takalmin tare da ma'auni a gefe. Shi aika ta WhatsApp ga ɗan'uwa da ke Yamai ko Kano ko Abijan. Mutanen Adar ba inda ba su zuwa cin rani. Hoto da lamba sun fi dogon bayani.

INA AKE SAMU

A fara daga kusa. Cikin birnin Tawa akwai masu sayar da kayan mota da garejoji. Tsofaffin makanikai sun san wane kaya ke shiga wace mota. A tambaye su. Saye kusa na da amfani guda babba: idan bai shiga ba, ana iya mayarwa ranar nan.

Idan ba a samu ba, sai Birnin Ƙwanni, kimanin kilomita 130 daga Tawa. Daga nan Illela ta Najeriya na kusa, Sakkwato kuma ba ta kai kilomita 100 ba. Gaba akwai Kano, inda kasuwar Ƙofar Ruwa ta yi suna wajen kayan mota. Ga mai 504, wanga ɓangare ya fi, tunda a Kaduna anka daɗe ana haɗa ta. Akwai kuma Maraɗi, da Yamai mai nisan sama da kilomita 500.

Amma hanyar kaya ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986. Ta sake rufewa daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020. An kuma rufe iyakar daga tsakiyar 2023 har watan Maris na 2024. Kuɗi ma na sakewa. A watan Janairu na 1994 an karya darajar sefa da rabi. Faran guda na Faransa da ake saye tamma 50 ya koma tamma 100. Kayan da ake shigowa da su daga Turai sunka yi tsada nan da nan. A irin waɗanga lokuta, wanda ke da takalmi ajiye a gida shi ne motarshi ba ta tsaya ba.

Kafin a biya, a yi magana a fili da mai kanti. A ce mashi: "Alhaji, idan bai shiga ba, za a dawo da shi." Idan ya yarda, shi rubuta takarda da kwanan wata da lambar kayan. Idan ya ƙi, a ƙara gaba.

MAI KYAU DA JABU

Kwali mai kyau ba shi ne kaya mai kyau ba. Masu yin jabu sun iya buga kwali. A buɗe a duba abin da ke ciki.

A duba inda nama ya haɗu da ƙarfe. Kada a ga tsaga ko rata. A karce gefen naman da farce ko da maɓalli. Idan shina zuba kamar busasshiyar ƙasa, ba shi da kirki. A duba ƙarfen baya: shi zama mai kauri kamar na tsohon, a miƙe, ba tsatsa. Takalmi mai asali na ɗauke da suna da lamba a bayanshi. Wanda anka yi don kasuwar Turai na da harafin E da alamar 90R. Alama ce cewa an gwada irinshi. Ita ma ana kwaikwayonta, don haka ba ita kaɗai za a duba ba.

Takalman gaba huɗu ne cikin kwali, biyu dama biyu hagu. Tare ake sa su. Wanda ya sake gefe guda ya bar ɗayan, motarshi za ta riƙa fizgewa gefe idan ya taka.

Akwai abu biyu da ya kamata a guje musu. Na farko, takalmi na hannu, wanda anka cire daga wata mota. Ya riga ya ci daidai da faifan waccan motar. Ba wanda ya san irin zafin da ya sha. Na biyu, tsohon takalmin faifai da anka manna wa sabon nama da gam a bakin hanya. Da sanyi shina kama da lafiyayye. Idan zafi ya hau a tsakiyar gangara, naman na iya ɓallewa gaba ɗaya. Takalmin kwano na baya dabam ne. Shi ana iya sake mashi fuska da ƙusoshi, in dai wurin gwani ne kuma da kaya mai kyau.

MAGANAR FAIFAI

Faifai ya fi takalmi daɗewa, amma shi ma shina ci. Kowane faifai na da iyakar kaurin da bai kamata shi gaza ba. Masu ƙera shi na buga wanga lamba a bakinshi ko a tsakiyarshi. Sau da yawa an rubuta MIN TH, sa'an nan lamba da milimita. A goge tsatsa a karanta. Makaniki shi auna da ma'aunin kauri. Idan faifan ya gaza lambar, ya gama aiki. Siririn faifai na saurin zafi, shina karkacewa, shina tsagewa.

Idan sawu ne kawai gare shi, ana iya kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe su share fuskar. Sharaɗi guda: bayan sharewa, kaurin kada shi gaza lambar. Faifan da ya tsage kuwa ba a yi mashi walda. Sai sakewa.

Ga tsohuwar mota, wani lokaci ba a samun sabon faifai ko'ina. Sai na motar da ta mutu anka farfasa ta. Wanga ana iya saye, saɓanin takalmi, domin ana iya auna shi. A auna kauri wuri uku ko huɗu. A duba tsaga da kyau cikin rana. A sayi biyu tare, dama da hagu, masu kauri ɗaya.

LISSAFI

Araha ba ta ado. Ga lissafi don misali. A ce takalmi mai kyau jika 10 ne, shina yin wata 12. A ce mai araha jika 4 ne, shina yin wata 3. Cikin shekara mai araha za a saye shi sau 4. Jika 4 sau 4, jika 16 ke nan. A ƙara kuɗin makaniki sau 4. A ƙara ranakun da mota ta tsaya. Wanne ya fi tsada? Kowa shi yi irin wanga lissafi da kuɗin da ya tarar a kasuwa.

RANAR ƊAURAWA

An samu kaya. Saura a sa su daidai.

Kada a shiga ƙarƙashin mota tana bisa jak kaɗai. A tokare ta da kututture mai ƙarfi, a sa dutse bayan taya.

Kada a hure ƙurar birki da baki ko da iska. Tsofaffin takalma da wasu masu araha na da wani sinadari da ake kira amiyant. Ƙurarshi na lalata huhu, kuma ciwon ba shi fitowa sai bayan shekaru. Faransa ta hana amfani da shi tun 1997. A goge da jiƙaƙƙen tsumma, a yar da tsumman. Yaran gareji su anka fi ji wa wanga tsoro.

Kada mai ko giris shi taɓa fuskar takalmi ko faifai.

A duba tiyon roba da ke kai man birki. Idan ya tsattsage ko ya kumbura, a sake shi.

A duba man birki. Bisa murfin tulun an rubuta irin da motar ke sha, DOT 3 ko DOT 4. Wanga mai na shan damshin iska. Sabon DOT 3 ba shi tafasa sai zafi ya kai awo 205. Idan ya sha ruwa, shina iya tafasa tun daga wajen 140. Idan ya tafasa, direba shi taka shi ji wayam. Don haka a sake shi duk shekara 2, daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Ba a zuba baƙin mai. Ba a zuba ruwan sabulu.

Bayan an ɗaura, kafin mota ta motsa, direba shi taka birki sau da yawa har shi yi tauri. Sa'an nan shi gwada a fili, ba kaya, ba fasinja. A kilomita 200 na farko shi riƙa takawa a hankali, har sabon takalmi shi zauna bisa faifai.

Don kaya su daɗe, a gangara a sa ƙaramar giya, inji shi taimaki birki. Kada a kashe inji a gangara don tsimin mai. A motoci da yawa, idan inji ya mutu, birki na yin nauyi ƙwarai.

HAƊIN KAI

Tsintsiya ɗaya ba ta shara. A tasha guda ana samun mutum huɗu ko biyar masu mota iri ɗaya. Su haɗa kuɗi. Su rubuta lambobinsu a takarda guda. Su aiki mutum ɗaya amintacce, wanda ya iya karatu. Kuɗin tafiya ya ragu, kuma mai kanti na rangwame ga mai saye da yawa. Shugabannin tasha na iya ajiye littafi: wace mota, wane takalmi, wace lamba, ina anka samu. Wanda ya zo baya ba shi sake shan wahalar nema.

Fasinjoji ma na da baki. Wanda ya ji ƙarfe na kuka a ƙafar mota shi faɗa wa direba. Ba rashin kunya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa mutane kusan miliyan 1 da dubu 200 ke mutuwa kowace shekara bisa hanyoyin duniya. Mai mota amana ya ɗauka.

To jama'a, ga abin da za a riƙe. A cire taya a duba tun ba a ji ƙara ba. Idan nama ya kai rabi, a fara nema. A rubuta lamba, a tafi da tsohon takalmi. A sayi huɗu tare. Ranar da anka ɗaura sabo, a fara tanadin na gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah shi kiyaye hanya. Allah shi kai kowa gida lafiya. Amin.